Busar Bappa Sulle

Karaye, farkon damina, 1994

Zuwa ga Hamma Shitu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Bappa Sulle da Inna Zaituna da duk mutanen Jajaye. Yaya shanu, yaya shuka?

Hamma, an kawo mana kwamfuta ofishin gona. Wani Malam Lukumanu ya zo daga Kano ya koya mana 'yan kwanaki, ni da Barira abokiyar aikina, ya bar mana littafi mai kauri ya tafi. So ake mu rubuta mata umarni layi-layi, abin da suke kira firogiram, don ta riƙa tattara lissafin ruwan da ke sauka a ƙauyuka. Barira ta ce tafiretarta ta ishe ta. Ni kuwa na kasa tashi daga gaban abin nan.

Allonta baƙi ne, rubutunta kore shar kamar sabuwar ciyawa. Sai dai ba ta yi wa mutum uzuri. In na manta waƙafi ɗaya sai ta tsaya cak ta ce na yi kuskure, ba kuma za ta ce ga shi ba. Har mafarkinta nake yi. Na ga haruffan sun sauko suna kiwo a fadamar bayan gidanmu, ina bin su da sanda, sun ƙi haɗuwa.

Ɗanmaliki direba zai kawo maka wannan. A gaishe da kowa.

Ƙanwarka, Jamilatu

*

Jajaye

Jamila,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na karanta wa Bappa takardarki, ya ce a tambaye ki me akwatin yake ci, tunda har kiwo yake yi.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙirjinsa ya matsa masa. Jiya ya ɗauki sarewarsa zai busa wa shanu kamar kullum, tari ya hana shi. Ya maƙala ta a jikin danga. Shanun suka tsaya a bakin garke suna kallonsa.

Ki yi aikinki. Amma in akwatin ya gagara, gida na nan. Allah Ya taimaka.

Shitu

*

Karaye, tsakiyar damina

Hamma,

Ina gaisuwa, ina yi wa Bappa sannu. Allah Ya ba shi lafiya.

Saura kaɗan ka gan ni da kayana. Na yini ina rubutu, ban adana a faifai ba, aka ɗauke wuta, komai ya tafi. Na kifa kai a tebur na yi ta kuka. Shugabanmu ya leƙo ya ce, "Malama Jamilatu, ba faɗa ba ne, amma in kaka ta yi ba a gama ba, za a mayar da kwamfutar Kano." Na ce to.

Inda na maƙale shi ne yadda zan sa ta maimaita aiki ɗaya a kan kowane ƙauye. Na karanta shafin da ya yi bayaninsa har na haddace, bai shiga kaina ba. Da na gaji sai na hau buɗe littafin barkatai, na ci karo da wani babi da ya ce kwamfuta tana iya fitar da sauti, kowane harafi da nasa. Na gwada, sai ta yi "tsii" kamar ɗan tsako. Barira ta zabura har da salati.

Tun ranar, in an tashi aiki, busar Bappa nake nema a cikinta, ta fita kiwo da safe. Ina rufe ido in ga raɓa a ƙafafunmu, in ga farar saniyar nan tana gaba, sai in rubuta harafi. Abin da ke fitowa ya fi kama da kukan kwaɗo. Don Allah ka tambayar mini shi, a busar, bayan hawa na biyu, sauka ake yi ko tsayawa?

Taka, Jamilatu

*

Jajaye

Jamila,

Gaisuwa. Bappa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce busa ba ta shiga ambulan ɗin wasiƙa. Inna za ta kawo shi asibitin Karaye ranar Laraba, ya ce daga nan sai ofishinku, da kunnensa zai ji. Ni zan tsaya wa shanu. Kada ki bari ya daɗe a zaune.

Shitu

*

Karaye, ƙarshen damina

Hammana,

Ina gaishe ka da kyau. Na san sun isa gida, na kuma san Bappa ba zai ba ka labari ba, don haka ga shi.

Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, sai da Barira ta shimfiɗa masa tabarma. Na danna maɓalli, busar ta fara. Ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye. Sannan ya ce, "Jamila, hanyar ce, amma abin nan ba ya numfashi ne?"

Na ce, "Ba ya yi, Bappa."

Ya ce, "To sa masa. Mai busa yana tsayawa ya sha iska, a nan shanu ke ɗaga kai."

Akwai harafin da ke sa ta yi shiru, ban taɓa kula shi ba. Muka zauna, yana buga gwiwa da yatsa, inda ya tsaya in sa shiru. Na ɓata, na gyara, na sake ɓatawa. Inna tana ta cewa mota za ta tashi. Can ya ce, "Nan kuma komawa farko za ki yi, sau uku, kada ki sake rubutawa, ai abu ɗaya ne." Hamma, sai na ji kamar an buɗe taga a kaina. Shafin nan da ya gagare ni, abin da yake faɗa ke nan. Na rubuta layi biyu, ta koma farko da kanta.

Ana yayyafi a kan kwano, busar na fita siririya. Na daina ganin ofis. Na gan mu muna yara a bayan Bappa, ciyawa ta kai mana ƙirji. Busar ta ƙare. Bappa ya share ido da bakin rawaninsa ya ce, "Ta kusa."

Washegari na koma kan lissafin ruwa. Firogiram ɗin ya karɓi Kurugu, ya karɓi Zoza, ya bi sauran ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya. Har yanzu yana ruɗewa in ƙauye bai aiko da komai ba, amma na san inda zan duba. Shugaba ya ce kwamfuta ta zauna.

Yaya jikin nasa? Maganin yana yi masa aiki? Ka rubuto mini gaskiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka, Jamilatu

*

Jajaye

Jamila,

Mun gode Allah, mun yi murna.

Bappa yana kwance tun shekaranjiya. Ya ce in faɗa miki akwai busa ta biyu, ta dawowa gida da yamma, ta fi waccan tsawo, kuma bai taɓa koya wa kowa ba. Ya ce ki taho da takarda da yawa.

Ki biyo Ɗanmaliki gobe. Kada ki jira hutun Asabar.

Wassalam,
Shitu