Igiyar Danƙo da Idon Babana

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Sandikan Direbobin Tasharmu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, tare da tambayar lafiyar iyali da ta jama'ar tasha. Allah Ya ja zamaninka.

Ni ce Rakiya, malamar lakwal, makarantar boko ta Badaguishiri, 'yar Malam Abdu mai lambu, matar direban kat-kat ɗin nan, motar shiga daji, wanda kuke kira Dogo. Ba halina ba ne in baza maganar gida a fili. Na yi ta sintiri zuwa buronka, ofishinka na tasha, har bencin ƙofa ya saba da ni. Yau a ce ka tafi Konni, gobe a ce kana Malbaza wurin ta'aziyya, jibi a ce kana ciki amma kana da baƙi. Na gaji, Alhaji. Ina rubuta wannan takarda ne daga gidan babana, inda na zo jinya, kuma yayyena sun ce ko ya warke ba zan koma ɗakina ba. Aurena ne ke lilo, kuma maganar da ta fito daga bakinka ce ta sa shi lilon.

Na ɗaya, abin da idona ya gani.

A tsakiyar daminar bana, washegarin wani babban ruwa, muka tashi da hantsi za mu suna a wani ƙauye ta wajen Illela. Dangi ne muka cika motar maigidana, mata a baya da kwanoninmu, maza a kan ƙarfen gefe, Baba a gidan gaba da farar rigarsa, don shi zai raɗa wa yaro suna. A mashigar ƙoramar nan da duk direbobinka suka sani, ruwa ya janye ya bar laka, mota ta kafe har ta zauna a kan cikinta. Maza suka tura har suka sare. Maigidana ya buga waya buro, ka turo direbanka Illo da babbar motarka, da igiyar nan da sandika, ƙungiyarku ta direbobi, ya saya, wadda direbobi suka sa wa suna danƙo saboda yadda take miƙewa.

Mu mata muka sauka muka hau tudu. Maigidana ya kwanta cikin laka ya maƙala bakin igiya a ƙugiyar da ke jikin shasi, babban ƙarfen ƙasan motarmu. Illo kuwa ya zura ɗaya bakin a dunƙulen ƙarfen nan mai kama da ƙwallo da ke bayan motarka, wurin rataya tirela. Ba wanda ya ɗauko shebur ya rage laka a gaban tayoyi. Illo ya yo baya har igiya ta taru a ƙasa, sannan ya taka wuta iya ƙarfinsa. Igiya ta miƙe, ta ƙara miƙewa, motarmu ko motsi ba ta yi ba. Sai muka ji ƙara kamar ta bindiga. Dunƙulen ƙarfen ne ya ɓalle daga wuyansa, igiya ta harbo shi baya, ya fasa gilashin gaban motarmu, ya sami Baba a gefen fuska na dama.

Idon ya tafi, ƙashin kunci ya karye. An raɗa wa yaro suna muna kan hanyar likita.

Na biyu, dalilin da ya sa aka bar Baba cikin mota.

Ka fi ni sanin tarbiyyarmu. Tun zamanin da ake jan mota da sarƙa, in mota ta kafe, matasa ne ke shiga laka, dattijo yana zaune a gidan gaba yana jan carbi, a ja a hankali har a fita. Wanda ya saukar da tsoho cikin caɓi da fararen kaya, shi za a yi ta yi da shi a kasuwa. To balle suruki. Tun da aka ɗaura aurenmu maigidana bai taɓa haɗa ido da Baba ba, bai taɓa kai loma baki a gabansa ba, in sun yi kiciɓis a hanya durƙusawa yake yi. Mutumin da ke wannan ne kake so ya buɗe ƙofa ya ce da Baba sauka, a gaban dangin matarsa duka? Yayyena da ke kumfar baki yanzu suna wurin, laka har gwiwa, ba wanda ya ce a fito da shi. Ni ma ina kan tudu ina kallo, ban ga abin tsoro ba, don duk a zatonmu ja ne irin wanda muka saba.

Da bakin Baba ya fara buɗewa a gadon likita, na tambaye shi ko bai ji a jikinsa ya sauka ba. Ya ce, "Na so in sauka. Sai na ga in na sauka za a ce ban yarda da tuƙin surukina ba." Kowannensu yana tsare mutuncin ɗan'uwansa ne, ƙarfe ya zo ya same su a haka.

Na uku, abin da na koya game da igiyar, bayan an makara.

Direban motar likita da ya ɗauke mu mutumin arewa ne, ya daɗe yana fama da rairayi. A kwanakin jinya nakan same shi a inuwar bishiyar bedi yana jiran kira, in yi ta masa tambaya kamar 'yar aji ɗaya, shi kuma bai ƙosa ba. Ya ce danƙo da sarƙa ba aikinsu ɗaya ba. Ita wannan igiya tara ƙarfi take yi in ta miƙe, sannan ta sako shi gaba ɗaya, kamar danƙon da yara ke harbin tsuntsu da shi. In an ɗaura ta daidai, ita ce ta fi sauƙi ga mota da mutum, don fizgarta ba ta da kaifin ta sarƙa. In kuwa wani ƙarfe ya ɓalle a bakinta, shi ne dutsen da za ta harba.

Ya ce dunƙulen tirela an yi shi ne don ja a hankali a kan kwalta, bai taɓa zama wurin fizga ba. Haka bamba, haka ƙarfen sifirin, haka 'yan zobban da ake ɗaure mota da su in an ɗora ta a kan wata. Wurin da aka yi domin wannan aiki yana jikin shasi, da kusoshi masu kauri, kuma motar da ba ta da shi ba ta shiga wannan aiki sam. Ba a ƙulla igiyar, ba a haɗa biyu da ƙarfe a tsakani. Kafin a ja, a sauke kaya, a tone gaban tayoyi, a ɗora bargo ko jiƙaƙƙen buhu a kan igiyar don in ta tsinke ta faɗi ƙasa. Kowa ya fita daga motocin sai direbobi biyu, jama'a su matsa gefe, nesa fiye da tsawon igiyar. Mutum ɗaya ne ke ba da alama. A fara da ɗan sake kaɗan da tafiyar da ba ta wuce sassarfa ba, in ba ta fita ba a ƙara tono kafin a ƙara wuta.

Ya kuma ce ba a sayenta da ido. Kowace akwai nauyin da aka rubuta a jikinta, a auna da nauyin motar da lodinta. Wadda ta yi siriri tsinkewa take yi, wadda ta yi wa ƙaramar mota kauri ba ta miƙewa, ta koma sarƙa. In an gama a wanke ta, a shanya a inuwa, a bi ta da hannu ana neman inda ta ci.

Duk wannan bai kai darasin safiya ɗaya a ajina ba, Alhaji. Ranar da aka kawo igiyar tasha, maigidana ya dawo gida yana murna, ya ce ka tara su ka ce a ba ta sake, a zabura da gudu, ita za ta yi sauran. Darasin da direbobinka suka samu ke nan. Ba na zargin Illo, abin da aka koya masa ya yi, kuma na ji shi ma barci ya ƙaurace masa.

Na huɗu, abin da ka faɗa.

Da jandarma suka zo tambaya, da kuma daga baya a rumfar tasha gaban jama'a, ka ce, "Laifin wanda ya bar tsoho cikin mota ne." Ka cire maigidana daga layin lodi. Ba ka ambaci dunƙulen da ya ɓalle ba, ba ka ambaci motar wane ne ba, ba ka ambaci abin da ka koyar ba. Bakin da maigidana ya ɗaura yana nan daram har aka kwance shi da hannu, naka ɓangaren ne ya saki. Na yarda da ba a bar Baba ciki ba da yanzu yana lambunsa. Amma rabin gaskiya ka faɗa, ka zaɓi rabin da ba ya taɓa ka.

Kai babba ne, maganarka ba ta faɗuwa ƙasa. Kafin la'asar maganar ta iso gidanmu. Babban wana, Yaya Sale, ya rantse maigidana ba zai ƙara taka zauren nan ba. Baba ya ce ƙaddara ce, ya yafe, amma muryarsa ba ta fita sosai yanzu, kuma sun ce tsufa da ciwo ne ke magana. Maigidana ya rataye makullin mota a ƙusa. Maƙwabta sun ce kullum da yamma sai ya wanke jiki ya sa riga ya taho, in ya kawo kwanar lungunmu ya tsaya, ya juya. 'Ya'yanmu suna wurin ƙanwarsa. In na je ganinsu in ce kakansu na samun sauƙi, babansu zai zo ya gaishe shi. In na dawo in ce wa Baba surukinsa ya yi tafiya ne. Ƙarya nake ɗauka daga wancan gida zuwa wannan, ni da nake hana yara ƙarya a aji, kuma wallahi na gaji da ita.

Na biyar, igiyar tana nan.

Zaman bencin buronka bai tafi a banza ba, don na ƙare mata kallo. Tana yashe a bakin ƙofa inda rana ke dukanta, lakar ranar nan ta bushe a jikinta, bakinta ɗaya ya fara tsefewa. Ƙyallen da aka rubuta nauyinta babu shi. Na ga an zo an ɗauke ta za a ja motar albasa da ta mutu a kan kwalta, na ga an ɗauke ta za a fitar da ƙaramar mota daga fadama. Ba wanda ya duba ta, ba wanda ya tambayi inda za a ɗaura. Damina kuwa da sauranta.

Ga abin da nake roƙo.

Ka janye wannan igiya, ta gama aikinta. In za a sayi wata, a sayi mai rubutun nauyi a jiki, kuma ta ƙananan motoci daban.

Ka tara direbobi da rana tsaka, ka kira wanda ya san aikin ya nuna musu a jikin mota, kowa ya durƙusa ya ga inda ake ɗaurawa a tasa. Ka aika wa takwarorinka na Tsarnawa da Malbaza da Konni su ma su yi, don ƙoramun ba namu ne mu kaɗai ba.

Ka mai da sauke kowa doka ta sandika, ka faɗe ta da bakinka ranar kasuwa. Kuma direban da ya zo ja, shi zai buɗe wa dattijo ƙofa, ya kama hannunsa ya kai shi tudu, tunda shi ba surukinsa ba ne. In doka ce, ba wanda zai ji kunya, ba wanda zai ce an raina shi. Yaranka ba za su bar ladabi ba, kuma ba na so su bari, hanya kawai za ka yi musu.

Roƙona na ƙarshe shi ne nawa. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sauko daga masallaci yayyena za su zauna a kan maganar aurena. Ba layi nake roƙa wa maigidana ba yanzu, ba kuma kuɗin magani ba. Ka biya ta gidansa ka ɗauko shi, don shi kaɗai ba zai iya wuce kwanar nan ba. Ka zauna gaban Baba da Yaya Sale ka faɗi ɗaya rabin. Ba baƙon zauren nan ba ne kai. Ranar da aka zo neman aurena, maigidana ba shi da uba a raye, kai ka shiga gaba, kai ka ce ka tsaya masa, ka ce yaron kirki ne a ba shi ba za a yi nadama ba. A kan maganarka aka ba shi ni.

Allah Ya tsare direbobinka da fasinjojinsu a kowace mashiga, Ya ba Illo natsuwa, Ya ba Baba lafiya. Kai kuma Allah Ya sa ka gama shugabancinka da mutunci, ka tsufa da idanunka biyu.

Zan share zaure in shimfiɗa muku tabarma tun kafin a tafi masallaci. In aka kira magariba ba ku zo ba, zan naɗe ta, in aika a kwaso mini kayan ɗakina.

Wassalam.

'Yarka,
Rakiya, Badaguishiri.