Lissafin da Ya Tona Asirin Gidana

Zuwa ga Mudira, shugabar makarantar 'yan mata ta unguwarmu a Utaibiyya, Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da aiki, tare da duk malamanki. Ni uwar wata ɗalibarki ce, zan kira ta Safiyya; ba sunanta ba ke nan, kin kuma san dalili. Na zo ofishinki, aka ce kina taro. Na dawo, aka ce in yi haƙuri. Haƙurin ya ƙare, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya. Ranar Lahadi ta makon jiya, malamar lissafi, wadda yara ke kira Abla, ta raba su rukuni-rukuni. Ta ce kowane rukuni ya ƙirƙiro tambaya mai adadi biyu da ba a sani ba, daga abin da ke cikin gidajensu, wani rukunin ya warware. Ban ga laifin wannan ba. Wasu sun kawo farashin gurasa da madara, wasu shekarun yayyensu. Rukunin 'yata suka rubuta cewa a gidan su Safiyya akwai mutum bakwai, marasa iƙama, wato takardar izinin zama, sun fi masu ita da uku, nawa ne kowanne?

Na biyu. Yara ne, ba su san nauyin abin ba. Amma Abla fa? Ta yaba, ta ce tambaya ce daga rayuwa. Ta liƙa ta a bangon ƙofar shiga da sunan 'yata a kai, ta ɗauki hoto ta tura zauren iyaye na waya. Ita a nan aka haife ta, takardunta na cikin jaka, ba ta taɓa jin ana kame ta rasa inda za ta sa kanta ba. Amma Bahaushiya ce, ta san a Makka ba a tambayar maƙwabci takardarsa, balle a ƙirga masa.

Na uku. Amsar biyu da biyar ce, kuma kowa ya iya. Matar mai gidan da muke haya tana cikin zauren nan. Shekaru mijinta yana kau da kai, yanzu ya ce abin da aka rubuta a bango ba zai ce bai sani ba, mu tashi ƙarshen wata. Maigidana ya koma kwana wurin abokinsa a unguwar Kudai. Tsohuwata, wadda ba ta fashin Juma'a a Harami, ko ƙofa ba ta leƙawa. Wallahi tsoro nake ji, kuma raina a ɓace yake.

Ina roƙon a cire takardar yau, a goge hoton. A gaya wa malamai su duba abin da yara suka rubuta kafin ya bar aji. Ki kuma taka da kanki ki yi wa mai gidan hayar magana, domin yana jin nauyinki.

Saura ɗaya. Safiyya ta fi kowa son lissafi, yanzu ta ƙi taɓa littafin. Jiya ta tambaye ni ko da ta yi wa Abla ƙarya da ba a kore mu ba. Ni na koya mata gaskiya. Ku malamai ne, ku zo ku ba ta amsa.

Allah Ya rufa miki asiri, ke da Abla da iyalanku, kada Ya nuna muku irin wannan mako.

Wassalam.

Uwar ɗalibarki.