Ranar Da Na Kira Sunanki A Cikin Kogo

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar 'ya ga uwarta, da fatan makwancinki yana da sanyi da yalwa. Daga ɗakinki na Dukawuya nake rubuto miki. Kwananmu goma da dawowa daga Malesiya, kuma akwai laifin da na yi miki a can wanda na kasa riƙe shi ni kaɗai.

Kin san yadda muka yi da Ummi, 'yata ta fari. Ranar suna aka sa mata sunanki, ranar yaye kika aiko aka ɗauke ta. Kika ce 'yar fari ta kaka ce, in kau da idona, na kuwa kau da shi har na wuce inda kika ce. Sunanta na yanka ba ya faɗuwa a bakina tunda naki ne, "Ummi" da kowa yake kiranta ma kunya ta hana ni. Mai kiran cikakken sunan dama ke ce, kina ja kina dariya wai kanki kike kira. Da kika rasu ta dawo hannuna tana shekara biyar, na rasa da me zan kira ta, sai na zauna a kan "ke". Ke zo nan, ke bari, ke ina takalminki. A haka muka yi shekara guda.

Bikin gama karatun babansu ne ya kai mu can. Ana jibi za mu taso ya ce sai mun ga wani kogo a cikin dutse, bayan gari, inda 'yan Hindu suke ibadarsu. Na ce me ya kai jikar malamai gidan gumaka, ya ce kallo za mu yi ba bauta ba. Da muka isa gwiwarsa ta ƙi, ya samu inuwa ya zauna, shi da ya kawo shawarar. Ummi kuma ta ga birai a kan doguwar matakalar da ake hawa zuwa kogon, ta kafe sai ta hau. Kin san ni da cika baki, na ce wadda ta hau Dala mene ne wannan. Na goya ƙaninta Faruƙu, na kama hannunta. Hajiya, Dala ƙanwa ce.

Da ƙyar muka isa bakin kogon. Ciki sanyi, ruwa yana ɗiga daga sama, warin jemage ya gauraya da turaren wuta. Ana kaɗa ƙararrawa ba tsayawa. Ga maza ba riga da furanni a wuya, ga gumaka masu hannaye barkatai an jera musu fitilu irin aci-bal-bal. Ba wanda ya harare ni, wasu ma murmushi suke yi wa goyon, amma ni Ayatul Kursiyyu kawai nake ja, ina tuna fuskar da za ki yi da kin gan ni.

Goyon ya sassauta. Na miƙa wa Ummi fidar madarar Faruƙu, na ce ke, saura ki yar. Na saki hannunta na gyara zani. Iyakar abin da na yi ke nan, ko minti ɗaya bai kai ba. Na juyo babu ita.

Da farko haushi na ji, sai da na zagaya sau biyu ban gan ta ba sannan na tsorata. Na fara kira: ke, ke. Kogon ya riƙa dawo mini da muryata, mutane suna waiwaye ba su san wa nake nufi ba. Wani mutum da matarsa suka tare ni, ya tambaye ni da Turanci sunan yarinyar don su taya ni kira. Wallahi Hajiya na buɗe baki, harshena ya ƙi. Na ce masa dai tana sanye da riga ruwan ɗorawa, an yi mata kitso da duwatsu. Ya tsaya yana kallona, uwar da aka tambaye ta sunan 'yarta tana kwatanta riga.

Na koma bakin matakalar na leƙa, tsayinta ya sa jiri ya ɗebe ni, ina duba ko akwai inda mutane suka taru a ƙasa. Na kira babansu, waya ta ƙi shiga. Na dawo ciki ina ture mutane, Faruƙu yana tsala kuka a bayana. Akwai wani lungu mai duhu da aka tare da ƙarfe, tazarar ƙarafan kuwa yarinya za ta iya bi. Ina tsaye a nan ina leƙe sai na ɗaga kai. Wani ƙaton biri yana zaune a kan dutse, da fidar Faruƙu a hannunsa, yana cizon bakinta.

Ban san lokacin da ya fito ba. Na ji dai murya ta cika kogon tana cewa Sa'adatu, kuma tawa ce. Sunan da tun da na yi wayo bai taɓa bi ta bakina ba, na kwarma shi har sau uku a gaban gumaka da baƙin mutane.

A na ukun aka ce na'am. Daga bayan wani ɗan ɗakin ibada ta fito, gwiwarta da jini, wata tsohuwa mai toka a goshi tana riƙe da hannunta. Tsohuwar ta damƙa mini ita, ta yi ta magana da yarensu tana nuna ni da yatsa. Ban ji ko kalma ba, amma na san faɗan tsohuwa idan na ji shi, kuma na cancanta. Na durƙusa na yi mata godiya da Hausa.

Sai da muka zauna a tsakiyar matakala sannan yarinyar ta ba ni labari. Birin ne ya fizge fidar, ta bi shi, ta faɗi. Duk kiran da na yi tana ji. Ta ce ta san "ke" ɗin faɗa ne, shi ya sa ta ƙara maƙalewa, tsohuwar tana lallashinta ta ƙi fitowa. Na ce to me ya fito da ita daga baya. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Na zata Hajiya ce ta zo ɗaukata."

Wannan maganar ta fi ɓatan nata tsorata ni. 'Yata tana jin muryata ta zaɓi duhun kogo, ta zata taki ce ta fito, ke da kike ƙarƙashin ƙasa. Da kunyar ta riƙe ni ɗan lokaci kaɗan, ban san inda za ta ƙara kutsawa tana guduna ba. Har yau idan na tuna ƙarafan nan sai in tashi in je in taɓa ta.

To ga laifin, Hajiya, kuma ban tuba ba. Tun ranar nake kiranta da sunan. Jiya ƙanwarki Inna Asabe ta ji ni a tsakar gida, ta riƙe haɓa ta ce an hau jirgi an baro kunya a can. Na ƙyale ta, don ba ta ga birin ba. Yarinyar har yanzu takan ɗan yi jim kafin ta amsa, takan kalli ƙofar ɗakinki tukuna, sannan ta kalle ni. Zan ci gaba da kira har ta daina kallon ƙofar. Ki yafe mini.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya shirya tsohuwar nan, Ya saka mata da alherin da ta yi mini. Allah Ya raya mini takwararki, Ya sa ta saba da muryata.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu