Garin da Na Ba Lovelyn

Litinin, 3 ga Maris
Jikata Lovelyn ta zo daga Samaru da wata sabuwa. Wai ita da abokin karatunta Oladipo sun kama ɗaki, za su riƙa kulle mutane ciki, sai sun warware kacici-kacici su sami makulli su fita. Don nishaɗi! Ta ce, "Angona, ba ni kacici-kacicinka." Na ce ba a yinsa da rana, amarya, ki tambayi kowa.

Laraba, 5 ga Maris
Na ba ta guda biyar. Ai ba mai zama ya saurare su yanzu. Sharaɗina ɗaya: wanda ya kasa ya ba da gari kafin a faɗa masa amsa, yadda muka gada. Ni tun ina yaro ban taɓa ba kowa gari ba, duk garinmu Dogarawa an sani.

Asabar, 8 ga Maris
Gwaji. Suka kulle mu ni da Aaron, abokina na coci. "Baba na ɗaka, gemu na waje," na nufi murhu, ga ɗan makulli cikin toka. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dariya, Aaron na tafa mini. Ashe ja'irar ta ƙara nata a ƙarshe: "Ya ci abinci da dare, ya wuni yana surutu." Na ce aku. Na ce maroƙi. Na ce matar Aaron. Duk ba su ba ne. Aaron ya fara rawa da ƙafa ɗaya, kunun zaƙin da ya sha ya matsa masa. "Japheth, don girman Allah ba ta gari!" Na ce sai dai mu kwana. Ta leƙo ta taga: "Ango, ko ƙauye na karɓa." Na dubi Aaron, idonsa ya yi ja. Na ba ta Shika. Ta ce ta ci Shika da shanunta duka. Amsar wai waya ce. Wayar da ke aljihuna!

Lahadi, 9 ga Maris
Aaron ya baza labarin a coci. Ban kula kowa ba.

Asabar, 22 ga Maris
Na je Samaru duba su kawai. Suka ajiye mini kujera a bakin taga. Ɗalibai sun ba ni Kano, Jos, wata Daberechi ta ba ni Enugu har da kwatancen hanya. Ɗaya ya fito yana maimaita na murhun, wai zai kai wa ƙannensa.
A keke napep na ƙulla wani sabo, da rana tsaka. Bai gama nuna ba. Kada Lovelyn ta ji tukuna.