Kawu ya gyara min kibod ya kashe shi, yanzu kuma yana jiran na biyun

Assalamu alaikum mutanen wannan gida, barkanmu da war haka. Admin ka taimaka ka ɓoye sunana, garinmu ba shi da girma. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake, in na yanke hukunci ni kaɗai a wannan halin na san ɓarna zan yi.

Ni mai haɗa kiɗa ne a Rogo, ina da ɗan situdiyo a shagon da ke jikin gidanmu, waƙoƙin biki na fi yi. Ba wai na fi kowa iyawa ba ne ake zuwa wurina, bes ɗina ake bi, wato sautin nan mai kauri na ƙasan kiɗa wanda ƙirji ke ji kafin kunne. Yanzu kowa daga kwamfuta yake ɗauko nasa, shi ya sa kiɗan duk ya zama ɗaya. Ni kuwa tsofaffin kibod biyu gare ni irin na da, wato abin kiɗan nan mai jerin maɓallai kamar fiyano, waɗanda ake ce wa analog, babu kwamfuta a cikinsu, ƙananan kayan lantarki ne ke haifar da sautin, kai kuma ka yi ta murɗa maɓallai har ka samo muryar da kake so. Babban a Kano na tsinto shi wurin wani mai kayan gwanjo, an jingine shi a lungu an ɗora masa matattun fankoki. Gyaɗar da na noma a shekarar gaba ɗaya a kansa ta tafi, aka yi ta min dariya a gida wai na sayar da abinci na sayo katako.

Wanda bai riƙe irinsu ba ba zai san wahalarsu ba. Babban nan, sai ka kunna shi ka jira ya ɗumama kafin muryarsa ta zauna, in zafi ya yi yawa ya riƙa zamewa kana sake saitawa, wutar janareto kuwa ban taɓa yarda ta shige shi kai tsaye ba. Da buroshin fenti nake share masa ƙura, ramin ɓera duk na bi na toshe da siminti, har riga na sa tela ya ɗinka masa. Kuma yana da wani gurnani, wata 'yar dusashewa a cikin sautin, in ka danna can ƙasa sai ka ji kamar ransa ne ya ɓaci. Wallahi wannan gurnanin shi ne abincina. Mawaƙa daga Karaye suke shigo mota su zo, ba abin da suke cewa sai a saka musu mai gurnanin nan.

To ina da kawu, yayan Innata, mai gyaran rediyo ne a kasuwa tun kafin a haife ni. Shi ya tsaya mana bayan rasuwar mahaifinmu, wannan ba zan ɓoye ba. Tun da waya ta zo aka daina kai masa aiki, ido ma ya fara rauni, sai ya wuni a rumfa yana korar ƙuda, in an yi sa'a a kawo masa tocila.

Kwanakin baya maɓalli ɗaya na babban kibod ɗin ya daina kamawa. Na faɗa a gaban Inna ina cin tuwo, magana ce kawai ta fito, don niyyata in kai wa wani mutum a Kano da ya san kan irinsu. Sai na tafi Zoza bikin abokina. Ashe ina juya baya Inna ta miƙa wa Kawu makullin shago, wai za su ba ni mamaki, ya ɗora min kibod a kan acaɓa, a wannan hanyar tamu, ya kai rumfarsa. Na dawo na tarar da Inna sai murmushi take, ta ce in je in kunna in gani. Maɓallin ya gyaru, gaskiya ya gyaru. Amma da na danna ƙasa sai na ji wani siririn abu tas, kamar jiniyar motar wasan yara. Na buɗe bayansa, na ga ɓangaren da ke tace sauti an cika shi da sababbin kaya, dalmar da aka liƙa su da ita ma ba ta daina ƙyalli ba.

Na tafi kasuwa ina huci. Kafin in buɗe baki ya tare ni da fara'a, ya ce maɓallin bai ba shi wahala ba, amma da ya gwada sai ya ji abin yana gurnani. Ya ce, "Wannan ai ciwo ne ɗana, da rediyo ce da tuni mai ita ya dawo min da ita. Haka kake ta fama ba ka faɗa min ba?" Wai ya bi ciwon har gidansa, ya ciccire tsofaffin ya saka sababbi. Na ce to Kawu ina tsofaffin? Ya ce ai ya zuba a kwandon tarkace, 'yan gwangwan sun kwashe. Na bi su har inda suke tarawa a bayan gari, na yi ta tonon ƙarafa da hannu suna kallona kamar sabon kamu, aka ce lodin ya riga ya wuce. Na tura wa mutumin Kano hoto, ya kira ni da salati yana tambayar wa ya yi min wannan aika-aikar. Ya ce an daɗe da daina ƙera waɗannan kayan, ko an samo makamantansu muryar ba za ta dawo yadda take ba.

Akwai mawaƙin da muka fara aiki da shi kafin tafiyata, ya zo mu ƙarasa. Ya saurara, ya ce in daina wasa in kunna na gasken. Na ce shi ne wannan. Ya ce zai dawo, daga baya na ji waƙar a wayar wani, a wani wurin aka ƙarasa ta.

Da na faɗa wa Inna abin da suka yi min sai ta rufe ni da faɗa, wai ba ni da godiya, tsoho ya ƙure idonsa a kan kayana ko sisi bai karɓa ba, ƙara dai ai ƙara ce. Har da kuka. Ta ce in na kuskura na furta masa kalma ɗaya ni da ita ne, kuma sai na je na yi masa godiya. Jama'a na je. Na durƙusa a gaban mutumin da ya kashe min sana'a ina cewa Allah Ya saka da alheri, yana shi min albarka, bakina kamar na tauna maɗaci.

Abin da ya fi ci min rai, na kasa ma jin haushinsa yadda nake so. Tun daga ranar Kawu ya zama wani mutum daban. Duk wanda ya ratsa sai ya ba shi labari ya gyara kayan kiɗan Turawa wanda ya gagari injiniyoyin birni, alhali babu injiniyan da ya taɓa ganinsa. An fara kai masa sifiku da amfilifaya, da wankakkiyar riga yake fita rumfa, matarsa ta ce wa Inna rabon da ya ci abinci haka har ta manta. Shi yana farfaɗowa, ni ina zaune da gawar kibod a shago.

Yanzu ƙaramin ne kawai ya rage min, bes ɗinsa bai kai na babban kauri ba amma yana da nasa gurnanin, da shi nake lallaɓa sauran kwastomomin. Kuma Inna, Allah Ya shirye ni kar in yi saɓo, ta je ta gaya wa Kawu wai ɗayan ma yana da irin ciwon. Ya aiko in kai masa ranar kasuwa. Na ce ina aiki da shi, ya ce zai jira. Wani abokina ya ce in ɓoye shi in ce na sayar, to ina zan ɓoye abin da in na kunna har ɗakin Inna ake ji? Wani ya ce in samo wani mataccen in kai masa, to ai Kawu ya riga ya ga ƙaramin da idonsa ranar da ya shiga shagon.

Jiya na bi ta kasuwa ina sauri Kawu ya hango ni ya kira. Ya share teburinsa fes, ya ciro wata leda daga aljihu ya kwance, sababbin kayan ne ya riga ya saya da kuɗinsa, har sabon tabarau ya yi don aikin. Ya ce, "Ga su na tanada ɗana, tunda na gane cutar wannan ba zai ɗau lokaci ba." Ya kuma gaya wa maƙwabtan rumfa su zo su ga yadda ake yi.

In na kai masa, na rufe shago ke nan, ba ni da wata sana'ar kuma ba zan sake samun irinsu ba. In na hana, sai na faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne aikin da ya dawo masa da mutunci a kasuwa ɓarna ce, ga kuma maganar Inna a kaina. Ranar kasuwa jibi ce. Ya ce in aiki ya riƙe ni kar in wahalar da kaina, shi zai tako har gida ya ɗauka. Don Allah masu iyaye da masu sana'a ku faɗa min, in ya yi sallama a ƙofar shagona da ledar nan a hannu, me zan ce masa?