Ƙotar Bahago

Daga Sarkin Masassaƙan ƙasar Kano da kewaye, zuwa ga marigayi Malam Audu Bahago na bayan Rimin Gado.

Bayan sallama da gaisuwar girma, da fatan kana cikin rahama. Fadarmu ta samu labarin gizagon da ka bari, ta ga ya dace ka san halin da yake ciki.

Wani jikanka ne ya ɗauka. Bai mai da shi sana'a ba, kamar kai dai. In an kammala aikin gona sai ya zauna gindin darbejiya yana sassaƙa, yau muciya, gobe abin da ko shi bai san sunansa ba.

An shaida mana yaron ya bi koyarwarka. Yana wasa bakin gizago kafin ya fara, tunda ka ce dakusasshen ƙarfe ne ke zamewa ya sari mai shi. Wuƙa waje yake tura ta, ba wajen cikinsa ba. Yana shafa man kaɗe a hannu. Bai manta da tsawarka ba: "Sassauta riƙo, ɗan nema, ƙota ce, ba ɓarawon akuya ba."

Duk da haka tafinsa ya yi bororo, ya fashe, ya sake tashi, har fartanya ta gagare shi. Iya, matarka, ta yanke hukunci. Damina ta gabato, hannun noma take so. In ya ƙara kumbura, gizagon zai tafi maƙera a mai da shi lauje.

Binciken fada ya gano mai laifin, kuma kai ne. Shekara da shekaru babban yatsanka na hagu ya ci ƙotar har ya yi mata gurbi. Shi kuwa da dama yake riƙo, gefen gurbin ke gurzar masa tafi.

Ya daɗe yana jan ƙafa. Ya gwammace ciwon da cire ƙotar, don nan kaɗai hannunka ya rage a gidan. Daga baya ya saro reshen marke ya yi sabuwa, ya kankare ta da fasasshiyar kwalba har ta yi santsi. Hannu ya warke, kanta ta fito. Gizago ya tsira.

Tsohuwar ƙotar ya ajiye ta bakin rumbu, da ya dawo babu ita. Ya ɗauka ta tafi murhu, sai ya hango ta a gefen gadon Iya, kusa da carbinta.

Allah Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama, ko da ba ka saba ba.

Tsoho, babu wani sarki. Ni ne Habu, jikan nan naka, wanda kake kora da sanda kana cewa zan ƙwace maka mata. Ban ƙwace ba. Ko ƙotarka ta fi ni fada a wurinta.