Hoto na Huɗu

Dogon Dutsi, 9 ga Yuli, 1962

Zuwa ga Hasiya ɗiyar Malam Sallau ta Tibiri, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, farar hura mai nonon safe, wadda in ta yi dariya nake manta sunan garinmu! Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, da Baba da Inna, da Gwaggo Shatu, Allah ya sanyaya mata zuciya a kaina.

Hasiya, kwana uku ke nan ban ci abincin kirki ba. Tuwo na shiga bakina kamar yashi. Rabin ciwon nan begenki ne, wallahi, ba na ƙarya. Ɗaya rabin kuwa wata magana ce da nake jin nauyin faɗa, don haka bari in bi ta nesa.

Kin tuna ranar kasuwar nan da na tare ki gindin gawo, kina ɗauke da ƙwaryar hura, na ciro hotona daga aljihu na miƙa miki? Kika kalle shi, kika kalle ni, kika fashe da dariya har hura ta zubo miki a zane. Kika ce na yi kama da bunsurun da aka ɗaure wa igiya za a kai kasuwa. Igiyar nan karabat ne, Hasiya, abin wuyan ma'aikata! Amma ban ji haushi ba, don da kika gama dariyar sai kika goge hoton da bakin mayafinki, kika ƙulle shi a haɓar zane. Ranar nan da ƙafa na tafi gida Dumega, ban san lokacin da na isa ba.

Abin da ban gaya miki ba shi ne, hoton nan ba don ado aka ɗauke shi ba. Kin san Amikal, ƙungiyarmu ta tsofaffin 'yan lakwal, makarantar bokon Dogon Dutsi. Su ne suka ji labarin gwamnati za ta ba da burs, ta ɗauki nauyin karatun samari uku su je Bamako su koyi aikin likitan dabbobi, suka ce ni za su tsayar. Musye Alphonse, shugabanmu, ya rubuta wa wani yayanmu da ke ofis a Yamai. Bernard na gidan waya ya buga mini takardar nema da keken rubutu, da yatsa ɗaya, yini guda cur. Issa malamin asibiti ya auna ni, ya ƙwanƙwasa mini ƙirji, ya sa hannu cewa ba ni da tari. Maikano magatakarda kuwa ya ara mini kwat ɗinsa.

Kai, kwat ɗin nan! Shi kaɗai Amikal ke da shi, duk wanda zai yi hoto shi yake sawa. Mutum biyar sun samu aiki a cikinsa, har an ce mutanen Yamai sun ɗauka rigar gadon Arawa ce. Kin san Maikano, ƙofar zaure ma a karkace yake shigarta. Da na sa, sai na ɓace. Aka tattaro bayan rigar aka soke da ƙayar aduwa, ɗaya ta zarce ta same ni a kafaɗa daidai lokacin da mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Wannan zare idon da kike ta yi wa dariya ba girman kai ba ne, ƙaya ce.

Hoto huɗu aka wanke mini, huɗu kuma dosiye, wato kundin takardun nema, ke so. Ni da na ci lissafi a jarrabawa, ni ne na cire ɗaya na ba ki, na miƙa wa Maikano uku ina murmushi. Me ya shiga kaina? Ke ce kika shiga, wa kuma? Shekaranjiya ya buɗe ambulan, ya jera su bisa tebur, ya duba ƙarƙashin tebur, ya dube ni. Musye Alphonse ya cire tabarau ya tambaye ni ko gara ce ta cinye. Na ce a'a. Ya tambaya ko garar tana zaune a Tibiri. Na sunkuyar da kai, 'yan Amikal suka kwashe da dariya, ban da Maikano.

Mun nemi dabara, ya hasken raina, kada ki ce ban nema ba. Mai hoton ya kwashe akwatinsa ya yi Gaya, ba a sa ran shi sai bayan kaka. Aka kawo hoton Manu, wani ɗan Amikal, tunda kwat ɗaya ne, karabat ɗaya. Amma ni ina da zanen Arawa tun daga baki har kunne, shi kuwa fuskarsa sumul. Bernard ya ɗauko alƙalami zai zana masa, hannunsa ya goce, Manu ya fito da gashin baki har gefen ido. Yanzu shi ma ba ya gaishe mu. Kamiyo, babbar motar da za ta kai takardu Yamai, zai tashi ranar Alhamis, kuma dosiyen da bai cika ba ko buɗe shi ba a yi.

To ga roƙona, na durƙusa: Hasiya, ki ara mini hotona.

Na sani, na sani! Na san abin da ake nufi a ƙasarmu in budurwa ta mayar wa saurayi da kyautarsa. Na ga ranar da Gwaggo Shatu ta ratsa kasuwa da ƙwarya rufe da faifai ta dire ta ƙofar gidan su Gado mai neman aurenta, kafin la'asar duk Tibiri ta san an rabu. Abin da ya hana ni barci ke nan. Don girman Allah kada Gwaggo ta ji, kada ƙwarya ta shigo cikin maganar nan, ko faifai kada ki taɓa. Issa zai zo yi wa yara lambar rigakafi ranar Talata, shi zai miƙa miki wannan takarda. Ki naɗe hoton a ganye kamar daddawa ki saka masa a jaka, kina ɗaure fuska kamar ba ki san shi ba.

Kina tsammanin Bamako nake so? Me zan yi da Bamako, garin da babu ke? Shekara uku ce, na san da yawa, kuma ina tsoronsu fiye da yadda kike zato. Amma na ga shanun Babana shekarar da ciwon bushiya ya faɗa musu, na ga dattijo yana tsaye bakin garke yana ƙirga waɗanda suka rage. Ina so in dawo da allura a hannuna da albashi a aljihuna, in shiga zauren Malam Sallau kaina a ɗage. Dokar Amikal ce duk wanda aka tura ya dawo gida ya ɗaga na bayansa, kuma Musye Alphonse ya ce zai tsaya a turo ni ɓangaren Tibiri. Ya ƙara da cewa kafin in tafi shi da kansa zai raka Babana gidanku da goro, don ya gaji da ganin takardun Amikal na ɓacewa a hanyar garinku.

In kuwa zuciyarki ta ƙi, in kika ga fitar hoton nan daga hannunki rabuwa ce ko ta wace hanya ya fita, to ki riƙe abinki. Da gaske nake. Zan koma Dumega in ɗauki hauya, Maikano ya yi ta harara har ya tsufa. Gara in rasa Bamako da in ga ƙwaryar nan a ƙofarmu.

Saura abu guda. Kin tuna abin da na rubuta a bayan hoton, cewa Jibo na Hasiya ne har ƙasa ta rufe idonsa? Maikano ya ce in goge kafin a manna, kada manya su gani. Na ce sai dai a fasa tafiyar. Haka za a shafa masa gam, a liƙa shi a takardar gwamnati, a buga hatimin Jamhuriyar Nijar a kai, a ajiye a Yamai inda babu mai ɓamɓare shi. Wace budurwa ce a Arewa kaf aka taɓa buga wa alkawarinta hatimi?

Ina nan bakin hanyar Tibiri ranar Talata ina jiran jakar Issa.

Naki, da kwat ko babu kwat, yau da gobe har abada,
Jibo na Dumega